Gyaran Tsohuwar Na'urar Finbol: Kurakuran da ke Cinye Lokaci da Kuɗi

Na'urar finbol akwati ce mai ƙafa huɗu da gilashi a sama. Ƙwallon ƙarfe na gangarowa kan faifan katako mai zane, ɗan wasa yana mayar da shi sama da 'yan sanduna biyu da ake kira filifa. A birnin Shikago na Amurka aka ƙera mafi yawansu, a masana'antun Gottlieb da Bally da Williams. An daina ƙera na Gottlieb a 1996, Williams kuma ta rufe wannan sashe a 1999, don haka galibin waɗanda ke zuwa hannun mai gyara sun sha jiki. Yawancin ɓarnar da sababbin masu gyara ke yi musu daga garaje take tasowa.

Kuskuren farko yana faruwa tun ranar da aka sauke na'urar, wato jona ta a wuta don a ga ko tana aiki. Ka daure. Wadda aka ƙera don kasuwar Amurka volt 120 take sha, wutar Najeriya da Nijar kuwa ta kusa ninka haka, sai an sauya haɗin taransifomarta ko an sa mata mai rage wuta. Bayan wannan ka ciro fiyus ɗaya bayan ɗaya, ka gwada lambar kowanne da abin da littafin na'urar ya ce. Sau da yawa za ka tarar wani ya gaji da fiyus mai yawan tsinkewa, ya zura wanda ya fi ƙarfi, ko ma ya naɗe shi da waya. Fiyus ba ya tsinkewa a banza. Wataƙila taransista, wato ɗan makunnin lantarki da ke kan allo, ce ta mutu ta bar wuta na kwarara ba tsayawa cikin kwayil, wato naɗaɗɗiyar wayar da ke zama maganaɗisu ta motsa filifa da sauran sassa, kuma idan babu abin da zai yanke wutar, kwayil ɗin zai narke, ya ja allon lantarki su tafi tare. Ka nemo sanadin tukuna. Ka kuma kula da hannunka, domin allon nuna maki na na'urori da yawa yana aiki da sama da volt 100.

Sai maganar batir, wadda ita ce ta fi ba ni takaici. Na'urorin da aka ƙera daga wajen 1977 suna da kwamfuta a ciki, da batir kan allonta don riƙe maki da saiti. A na Williams na shekarun 1990 batir uku ne irin na tocila ƙanana. Idan suka shekara da shekaru a ciki sai su yi yoyo, ruwan ya bi layukan tagulla yana ci, ya bar tsatsa kore ko fari. Mutane kan goge abin da ido ya gani, su sa sabon batir, su ce an gama. Bayan 'yan watanni cutar ta dawo, don ta riga ta shige ƙarƙashin kayan da ke manne a allon. Ruwan batirin nan kamar kanwa yake, da tsami ake kashe kaifinsa: a gauraya ruwan khal da ruwa rabi da rabi, a wanke wurin, a ɗauraye, a bi da sifirit, a bar shi ya bushe sarai. Duk kayan da tsatsar ta taɓa a cire a sa sabo. Daga nan a mayar da mazaunin batir nesa da allon ta hanyar waya, ko a sa guntuwar ma'ajiyar da ba ta buƙatar batir sam.

Wani kuskuren shi ne rashin sanin zamanin na'urar. Tsofaffin da suka riga kwamfuta da makunnai da rile (makunnin da maganaɗisu ke ja) da ƙaramin inji mai juyawa suke lissafi, kuma bakin makunninsu yana jure a ɗan kankare shi da siririn magagari. Na zamanin kwamfuta kuwa, yawancin makunnansu ruwan zinare aka shafa musu. Ka sa magagari sau ɗaya, ka cire zinaren, makunnin ya lalace ke nan har abada. Guntun kwali mai tsabta ya isa, a zura tsakani a ja. Mai da giris ma haka. Sandar ƙarfen da ke shiga cikin kwayil a bushe aka tsara ta yi aiki. Mai yana tara ƙura ya zama danƙo, filifa ta yi sanyi. Fesa man feshi irin WD-40 ko ruwan wanke makunni a cikin tsohuwar na'ura har gobara yana haddasawa, domin makunnanta na tartsatsi.

A wajen ƙawa ne zuciya ke ruɗar mutum. Faifan wasa filawud ne mai fenti, ruwa da sabulu suna shiga tsagoginsa su kumbura shi, su ɗaga fentin. Da ɗan nafta, wani ruwa dangin fetur mai saurin bushewa, a ƙyalle ake cire dauɗa, a bi da man goge roba irin Novus 2, sannan a shafa kakin karnoba. Ledar kariya da aka manna a kai, kada a fizge ta, takan taho da zanen. Gilashin baya mai hoto da ke tsaye a kan na'urar kuwa, fentinsa a bayansa yake, idan ya fara ɓamɓarowa ko ƙyalle kada ya taɓa shi. Na wasu na'urorin ba a sake buga shi ba, in ya tafi ya tafi. Shawarata ita ce a bar duk aikin ƙawa sai na'ura ta yi wasa daga farko har ƙarshe ba tangarɗa. Ɓata makonni wajen goge faifan da ba ka san ko zai kunnu ba asara ce.

Idan lokacin kwancewa ya yi, ka ɗauki hoto kafin ka kwance kowane noti, daga sama da gefe. Kayan kowane sashe su shiga ledarsu da rubutu a jiki. Sukurori sun yi kama da juna amma tsawonsu ya bambanta, dogo guda idan ya shiga inda gajere ya kamata sai ya huda faifan ya ɓullo ta cikin zane. Haka wayoyin kwayil mai dayod, wato ɗan abin da ke barin wuta ta bi gefe ɗaya kawai, juya su yana kashe taransista nan take.

Game da lokaci, duk abin da ka ƙiyasta, ƙara masa. Wanke faifai da sauya robobi da ƙwayayen fitila kaɗai kan ci ƙarshen mako da yawa. Cikakken gyara, inda za a kwashe komai a fesa sabon rufi mai sheƙi, aikin watanni ne, don rufin kansa yana son makonni kafin ya ƙeƙashe. Ga jiran kayan gyara da akasari daga Amurka ko Turai ake odarsu. Gara ka bi na'urar kaf, ka rubuta duk abin da ake buƙata, ka yi oda sau ɗaya.

Bayan duk wannan wahala kada ka mayar da tsofaffin ƙwallaye. Ƙwallo mai tsatsa ko tabo yana kankare fenti duk inda ya bi, sabo kuma ba shi da tsada. Ka saita gangarar faifan kan digiri 6.5 a na'urorin zamani, tsofaffin kuma ba su kai haka gangara ba, ka kuma duba da ma'auni kada ta karkata hagu ko dama.