Yadda ake haɗa wutar sola a ƙauyen da turakun lantarki ba su kai ba

A ƙauyuka da rugage da yawa na ƙananan hukumomin Birnin Gwari da Giwa da Kubau da Kauru, gidaje a warwatse suke, kuma babu kamfanin rarraba wuta da zai kafa turaku da taransifoma domin unguwa mai gida goma sha biyar, tunda abin da zai kashe ya fi abin da zai karɓa a cikin shekaru. Tun da aka cire tallafin man fetur a watan Mayu na 2023, janareta ma ya gagari mai ƙaramin ƙarfi. Shi ya sa kowa ya koma sola. Sai dai na sha ganin mutum ya sayar da buhunan masara ya yi sayayya a Kaduna ko Zariya, wuta ta kama wata shida ko bakwai, daga nan sai ta fara ɗaukewa tun kafin sallar isha'i, kuma kusan kullum matsalar daga batir take.

Kafin a je kasuwa, a zauna da biro da takarda a rubuta duk abin da za a kunna, da ƙarfinsa, da awannin da zai yi yana aiki. A ninka yawan kayan da wat ɗinsu da awanninsu, sai a samu wat-awa, wato ma'aunin wutar da aka ci. Misali, ƙwan fitila 6 masu wat 7 na awa 5 za su ci wat-awa 210, fanka 2 masu wat 20 na awa 8 za su ci 320, talabijin mai wat 40 na awa 4 zai ci 160, cajin wayoyi 10 kuma a ba shi 100. Jimilla ta kusa 800 a rana. A sanya wayoyin maƙwabta cikin lissafin tun yanzu, domin ranar da fitila ta haska a gidanka, duk unguwa za ta kawo caji, kuma ba za ka iya hana su ba. Dutsen guga da hita da tukunyar lantarki kada ma su shiga takardar.

Daga wannan lissafi ne ake fitar da girman batir, kuma a nan ne ni kaina na yi asara. Batir mai ruwa na bolt 12 da aka rubuta masa 200Ah (ma'aunin cajin da yake riƙewa) yana ɗauke da kimanin wat-awa 2,400, wato 12 sau 200, amma rabinsa kawai ake ci, wato 1,200, domin idan ana tatse shi ƙarƙaf kowane dare, farantan dalmar da ke cikinsa suna lalacewa ta yadda ba sa gyaruwa. Wanda ya sayar mini bai gaya mini haka ba, ni ma ban tambaya ba. Na ajiye batir biyu a ɗaki mai rufin kwano wanda ba shi da taga, zafin Maris da Afrilu ya dafa su, ruwansu ya ƙone ban duba ba, kafin shekara ta zagayo sun tashi aiki. Zafi yana rage wa batir mai dalma kwana ƙwarai, saboda haka a nema masa ɗakin ƙasa mai sanyi da iska, a ɗora shi kan katako, a riƙa duba ruwansa duk wata, kuma ruwan batir na kanti kaɗai za a ƙara masa, ba na rijiya ko na leda ba. Batirin mota ba na wannan aiki ba ne, ko da mai shago ya rantse. Wanda yake da hali ya sayi na litiyam: ya fi tsada nesa ba kusa ba, amma ana iya cin kashi 80 cikin 100 nasa, ba ya bukatar ruwa, kuma a ƙauyen da mai gyara sai ya yi tafiyar yini kafin ya iso, wannan kaɗai ya isa dalili. Batir na hannu, wanda aka ciro daga wani wuri aka goge, ban yarda da shi ba ko kyauta ne.

Farantin sola kuma ba a auna shi da ranar bazara. Arewa tana da rana sosai, amma a watan Agusta hadari yana rufe sama kwana biyu ko uku a jere, a lokacin hunturu kuma hazo da ƙura suna rage ƙarfin hasken. Ni ina raba bukatar yini guda da awa 4 na hasken rana mai ƙarfi, sannan in ƙara rabi a kai, don haka gidan da ke cin 800 sai ya nemi faranti mai wat 300 ko sama da haka. A fuskantar da shi kudu, a ɗan jingina shi da digiri 10 zuwa 15 domin ruwan sama ya riƙa wanke shi, a kauce wa inuwar darbejiya ko ta mangwaro, saboda inuwar reshe ɗaya tana iya karya ƙarfin farantin gaba ɗaya. Daga Nuwamba zuwa Fabrairu a goge shi da tsumma mai laushi da sassafe, aƙalla sau biyu a mako.

Wajen haɗi, batir ake fara jonawa da kwantirola, wato na'urar da ke daidaita cajin batir, sannan faranti ya biyo baya. Idan aka juya, kwantirolar tana iya ƙonewa. Kwantirola irin MPPT ta fi irin PWM tatso wuta daga faranti, kuma ita nake saye. A sa fis kusa da batir, a yi amfani da waya mai kauri ta jan ƙarfe zalla, a gajarta tazarar da ke tsakaninsu. Idan fitilu da fanka na bolt 12 ne, babu bukatar inbata, wato na'urar da ke mayar da wutar batir irin ta kamfanin lantarki, an huta da kuɗinta da wutar da take sha a banza.

Injin niƙa da famfon rijiyar burtsatse da firjin allurar rigakafi sun fi ƙarfin irin wannan tsari na gida guda. Waɗannan sai gari ya haɗa kai, mai unguwa da kwamiti su tuntuɓi hukumar samar da lantarki a karkara, wato REA, ko kamfanonin da ke kafa ƙananan tashoshin sola, kuma tun kafin a kafa faranti ko ɗaya a tsayar da abin da kowane gida zai riƙa biya duk wata domin sauya batir idan lokacinsa ya yi.