Yadda Ake Rage Nauyin Bidiyo Kafin A Ɗora Shi A Intanet

A watan jiya na ɗauki bidiyon walimar ƙanwata a Tudun Wada, minti goma kacal, amma da na zo ɗora shi sai na tarar ya kusa gigabait huɗu, domin na bar wayar a kan 4K, wato saitin kyamara mai fitar da hoto tangaran amma mai nauyi sosai. Data ta ƙare tun bai kai rabi ba, 'yan uwa kuma suna ta tambaya.

Nauyin bidiyo yana fitowa ne daga tsawonsa da kuma yawan bayanan da yake ci a kowace daƙiƙa. Saboda haka, fara da yanke duk abin da ba shi da amfani, kamar wurin da waya ta kalli ƙasa ko lokacin da ake jiran isowar ango.

Daga nan sai ka sauke manhajar HandBrake a kwamfuta, wadda kyauta ce. Ka buɗe bidiyon a ciki, ka zaɓi tsarin Fast 720p30, ka bar shi a MP4, sannan ka sa alama a Web Optimized domin a iya fara kallonsa tun kafin ya gama sauka. A ganina 720p, wato girman hoton da bai kai 1080p ko 4K ba, ya wadatar, tunda yawancin masu kallo a Kawo ko Rigasa a waya za su kalla, kuma ido ba ya rarrabe shi da 1080p a ƙaramin allo.

Wurin da ya fi buƙatar natsuwa shi ne lambar RF, wato ma'aunin ingancin hoto a cikin HandBrake. Idan ta hau, nauyi yana raguwa, inganci ma yana raguwa. Ka fara da 23, ka gwada da ɗan guntu, ka duba fuskoki da aikin zare a wuyan babbar riga, domin a nan ne hoto yake fara dusashewa. YouTube yana ba da shawarar megabit 5 a daƙiƙa ga 720p, wato kusan megabait 38 a minti, kuma da wannan lissafi bidiyona ya dawo ƙasa da megabait 400. A cikin hanyoyin matse bidiyo da za ka iya zaɓa a HandBrake, tsarin H.265 ya fi H.264 matsewa, sai dai wasu tsofaffin wayoyi ba sa buɗe shi.

Kada ka goge na asali, ka adana shi a filashi, domin abin da aka matse ba ya komawa yadda yake. Kafin biki na gaba kuma, ka shiga saitin kyamara ka mayar da ita 1080p.