Babi na 6: Ƙawata teburin biki

Darasi na 1: Furanni

Ku karanta a hankali, babu mai korarku. Ku tanadi furanni, wuƙa mai kaifi, kwalbar gilashi mai faɗin baki, da ruwa mai tsabta. Ku fara wanke kwalbar da sabulu, ko da ba ku ga datti ba, sannan ku zuba mata ruwan.

Kara shi ne dogon sashen da ke ɗauke da fure, kuma ta nan fure yake shan ruwa. Ku yanke santimita 2 daga ƙarshen karan, wato kusan faɗin babban yatsanku. Ku yanka a karkace don bakin ya yi faɗi, ya sha ruwa sosai.

To, ga inda yawancinku kuke tuntuɓe. Kafin fure ya shiga kwalba, ku tsige duk ganyen da zai nutse a ruwa. Ku tsayar da furen a jikin kwalbar ta waje, ku duba inda ruwa ya tsaya. Duk ganyen da ke ƙasa da wannan wurin, a tsige shi. Na sama kuma a bar shi. Kun yi? Madalla. Ku ɗauki na biyu, ku gwada shi a jikin kwalba, ku tsige. Na uku ma haka. In kun manta, ba komai, ku zaro furen ku gyara.

Dalili kuwa, ganye a cikin ruwa ruɓewa yake yi. Ruwan ya gurɓace, ya yi wari, ƙwayoyin cuta su toshe karan, fure ya yi yaushi tun amarya ba ta iso ba.

Na faɗi wannan a aji har muryata ta dishe, amma kullum sai na tarar da ganye yana iyo a kwalba. Haba jama'a! Wasu sun ce tausayin ganyen suke ji. Tausayin nan shi ke kashe furen. Ku tsige ganyen.

Kada tsawon furen tebur ya wuce santimita 30, don baƙi su riƙa ganin fuskar juna. Ku ajiye shi a inuwa, nesa da nunannun 'ya'yan itace, domin suna fitar da wata iska mai sa fure tsufa da wuri.

Darasi na 2: Jera faranti

Faranti a tsakiya. Cokali mai yatsu a hagu, wuƙa a dama, kaifinta na kallon faranti, sai cokali a gefenta. Kofin ruwa yana can gaban wuƙa. Kowane baƙo a ba shi fili kamar santimita 60. Ku jera na baƙo ɗaya tukuna, sauran su bi shi.

Darasi na 3: Kayan zaƙi

Kek mai kirim ba ya son zafi. Ya zauna a firji sai an kusa yankawa. In za ku ɗora masa fure, ku tabbata ba mai guba ba ne, kuma ba a yi masa feshin magani ba.