Kurakuran hirar waya da na gaji da gani

Na gaji da sauraron ƙorafi iri ɗaya. Wannan ya ce abokinsa ya canja masa, waccan ta ce mijinta ya daina kula ta, wani kuma ya fice daga zauren WhatsApp na danginsu cikin fushi. Ka ce a nuna maka hirar da ta jawo abin, sai ka tarar 'yan kurakuran nan ne da kowa ke maimaitawa, musamman waɗanda ba su daɗe da riƙe babbar waya ba. Maganin da zan bayar yadda nake yi ne, wanda bai yi masa ba ya nemi nasa.

Mafi muni shi ne rigima a rubuce. Rubutu ba shi da murya, ba shi da fuska. Ka rubuta wa mutum "To, na ji", a ranka amincewa ka yi, shi kuwa da ransa ke ɓace sai ya karanta da muryar gatse. Mai karatu ne ke sa wa saƙo murya, kuma halin da yake ciki a lokacin shi ke zaɓa masa ita. Wasu masana halayyar ɗan Adam a Amurka, Justin Kruger da Nicholas Epley, sun gwada wannan a binciken da suka wallafa a 2005. Sun sa mutane aika jimloli ta imel, wasu na gatse, wasu na gaske. Masu aikawa sun sakankance za a gane nufinsu, amma masu karɓa da kaɗan suka ɗara mai canki-canka. Da aka naɗi jimlolin da murya aka saurara, ganewar ta ƙaru sosai.

Wannan ya taɓa raba ni da abokin da muka taso tare. Ɗan saɓani ne kan lissafin wani aiki da muka haɗa hannu, maganar da in a zaune muke nan take za mu kashe ta har mu yi dariya. Amma sai ya rubuto, na mayar, ya sake rubutowa. Kowa na tsara amsa, yana gogewa yana sakewa don ta fi zafi, yana komawa can sama ya zaƙulo tsohon saƙo ya liƙa a matsayin hujja. A gaba da gaba, kana faɗin magana ka ga fuskar mutum ta canja, dole ka sassauta. A waya babu abin da ke taka maka burki. Kuma maganar baki tana dusashewa da lokaci, rubutu kuwa yana nan daram, duk ranar da ka buɗe hirar fushin ya dawo sabo fil. Mun daɗe ba ma ga maciji, kuma ko da aka shirya, abin bai koma kamar da ba.

Yanzu da zarar na ji ƙirjina ya ɗau zafi ina cikin rubutu, sai in goge duka in tura "Bari in kira ka." In kiran ba zai yiwu ba, in ce mu yi maganar gobe. Wasu za su ce a rubuce suka fi iya tsara tunaninsu. To, rubuta, amma a takarda, ka riƙe ta a hannu lokacin da kake kiran.

Sai masu gadin alamar shuɗi, wadda ke fitowa a gefen saƙon da ka tura. A Nuwamban 2014 WhatsApp ya kawo ta, tun daga nan wasu ba su sake samun kwanciyar hankali ba. Alama ɗaya na nufin saƙo ya bar wayarka, biyu ya isa wayarsa, shuɗi kuma an buɗe hirar. Iyakarta ke nan. Ba ta gaya maka yana tuƙi ba, ko yana gaban shugabansa a wurin aiki, ko yaro ne ke wasa da wayar. Amma kai ka zauna ka zuba wa "onlayin" ido, ka tura alamar tambaya, ka ƙara da "Na ga ka gani ai." Haba malam! Sayen waya bai sa mutum ya zama ma'aikacinka mai jiran umarni dare da rana ba. Ni na kashe tawa, na yarda da sharaɗin cewa ni ma ba zan ga ta kowa ba, sai dai a zaure, inda kashewar ba ta aiki. Kai kuma da ake jira, "Na gani, zan amsa anjima" ba ta cin komai.

Ƙanana kuwa ga su nan. Kar ka turo "Salam" kaɗai ka yi shiru kana jiran a amsa, haɗa gaisuwarka da buƙatarka a saƙo ɗaya. Saƙon muryar da ya yi tsawo har mutum ya ƙara masa sauri ya kamata ya zama kira. Lambar asusu ko adireshi a rubuce ake tura su. Labarin rasuwa ko na rabuwa ba a fara isar da shi ga makusanci ta saƙo. Kar ka jefa mutum a zaure ba ka tambaye shi ba. Abin da aka turo maka ba ka san tushensa ba, bar shi ya mutu a hannunka. Ba a banza kamfanin ya taƙaita turawa zuwa hira 5 a lokaci ɗaya a 2019 ba.

Bayan rigima a rubuce, na biyun da ke tafasa mini zuciya shi ne ɗaukar hoton hira, wato sikirinshot, a tura wa wani. Wata 'yar'uwa ta taɓa neman shawarata kan matsalar gidanta. Na faɗa mata ra'ayina tsakani da Allah, har da inda nake ganin mijin bai kyauta ba da inda ita ma ta yi sakaci. Da rigima ta sake tashi, sai ta yanko inda na soki mijin ta tura masa, wai ya ga ba ita kaɗai ke faɗa ba. Sun shirya abinsu, ni na zama mai raba aure a idon danginsa. Wanda ya rubuto maka, kai ya rubuta wa. Ka yanki tsakiyar zancensa ka kai inda bai aike ka ba, ka ci amana ko da kowane harafi nasa ne, don ka zubar da abin da ya zo kafin da bayan. Magana zarar bunu ce tun a baki, balle a waya. Kar damar goge saƙo daga wayar kowa da WhatsApp ya kawo a 2017 ta ruɗe ka: tana barin shaidar an goge saƙo, kuma wanda ya riga ya karanta ko ya ɗauki hoto ya gama da kai. Hoton gani sau ɗaya ma ana iya ɗaukarsa da wata wayar. Shi ya sa mai neman shawarata kan aure ko dangi yanzu sai dai ya kira ni, ko ya zo mu zauna.

Ajiye waya idan ana yi maka magana. Kifa ta ma, don hasken allon kaɗai ya isa ya ɗauke maka ido.

Habaici a sitatus kuwa ban san wa ya koya wa mutane shi ba. An ɓata miki rai, maimakon ki tunkari mai laifin, sai ki ɗora "Wasu mutane dai sai a bar su da halinsu" na awa 24. Wanda kike nufi bai ma buɗe ba, ko ya buɗe bai tsargu ba. Ƙawarki da ba ta ji ba ta gani ba ita ce za ta kwana tana tunanin me ta yi miki, surukarki kuma ta ɗauka da ɗanta kike. Duk wanda na ga ya mayar da wannan sana'a, rufe sitatus ɗinsa nake yi daga wayata, kuma ba na tura masa "Lafiya dai?" da yake jira.