Yadda Ake Yin Digirin Digirgir a Ilimin Halayyar Ɗan Adam a Legas

Mai son yin digiri na uku a wannan fanni a Legas yakan duba Jami'ar Legas da ke Akoka ko Jami'ar Jihar Legas da ke Ojo, duka suna da sashen. Kafin ka sayi fom, ka haɗa takardar WAEC ko NECO mai kiredit biyar har da Turanci da lissafi, da digirin farko, da shaidar bautar ƙasa, da digiri na biyu a fannin. Galibi ana son matsakaicin maki ya kai 4.0 cikin 5.0, wanda bai kai ba akan sa shi ya bi ta M.Phil, digirin bincike da ke tsakanin na biyu da na uku, tukuna. Takardar cikakken sakamako kuwa, tsohuwar jami'arka ce ke aikawa kai tsaye, don haka ka neme ta tun da sauran watanni. Ita ta fi tsayar da mutane.

Sai malamin da zai duba aikinka. Karanta maƙalunsa uku na baya-bayan nan, ka rubuta masa shafi biyu: ga tambayarka, ga mutanen da za ka yi nazari, ga ma'aunin da za ka yi amfani da shi, wato jerin tambayoyin da za ka auna abin da kake bincike da su. Ka tambayi ɗalibansa kwana nawa babi yake yi a hannunsa. Ka kuma lissafa shekarunsa, domin farfesa na ritaya a shekara 70, kuma sauya malami a tsakiyar aiki tamkar sake gini ne daga tushe.

Batun bincike ya zama ƙarami. "Damuwa a tsakanin 'yan Nijeriya" ba ta kamuwa. "Rashin barci da ciwon damuwa a tsakanin masu dakon kaya a kasuwar Mile 12" za ta kamu. Bahaushe yana da rabo babba a nan, domin zai shiga Agege, Idi-Araba da Alaba Rago ya yi magana da mutane da bakinsu.

Amma a nan ne aiki ya fi lalacewa. Yawancin ma'aunan da Turanci aka rubuta su. Ɗauki PHQ-9, tambayoyi tara da ke auna ciwon damuwa cikin mako biyu da suka wuce. Kalmar "damuwa" a bakinmu ta haɗa baƙin ciki da fargaba da tunanin kuɗin haya. Idan ka fassara cikin gaggawa, dattijo zai ce "ƙwarai, ina da damuwa" yana nufin tsadar shinkafa, kai kuma ka rubuta masa cuta. Ga yadda ake yi: mutum biyu su fassara zuwa Hausa, kowa shi kaɗai. A haɗa nasu a fitar da ɗaya. Wani na uku, wanda bai taɓa ganin asalin ba, ya mayar da shi Turanci, a kwatanta. Sannan ka zauna da mutum goma, ka karanta kowace tambaya ka ce, "Baba, me ka fahimta da wannan?" Bayan gyara, a gwada da mutum 30 zuwa 50 a duba alfar Cronbach, lissafin da ke nuna ko tambayoyin abu ɗaya suke aunawa. Idan ta gaza 0.70, mai yiwuwa akwai tambayar da ba ta tafiya da 'yan'uwanta. Kafin duk wannan wahala, bincika ko wani ya riga ya fassara ma'aunin ya kuma tantance shi.

Yawan mutanen da za ka tambaya ba da ka ake yanke shi ba. Manhajar G*Power, wadda ke lissafa wannan adadi, kyauta ce. Idan rukuni biyu za ka kwatanta kana sa ran bambanci matsakaici, da ƙarfin ganowa kashi 80, wato damar gano bambancin idan yana nan, kana bukatar mutum 64 a kowane rukuni, 128 ke nan. Ƙara kashi 10 zuwa 15 saboda takardun da za su dawo rabi da rabi.

Kada ka tambayi ko mutum ɗaya kafin kwamitin ɗa'ar bincike ya ba ka lambar amincewa, kamar na asibitin koyarwa na LUTH ko na cibiyar binciken lafiya ta NIMR da ke Yaba. Mujallar kirki ba ta karɓar bayanan da aka tara kafin izini. Tambaya ta tara a PHQ-9 kan tunanin mutuwa ko cutar da kai take. Tun a takarda ka fayyace abin da za ka yi idan wani ya amsa da e: wa zai zauna da shi, da yadda za a kai shi ga likita, misali asibitin ƙwaƙwalwa na tarayya da ke Yaba. Wannan amana ce, ba cike fom ba.

A unguwa, fara da gaisuwar Sarkin Hausawa da shugabannin kasuwa. Mata su tambayi mata. Wanda ba ya karatun boko a karanta masa a keɓe, ya dangwala yatsa gaban shaida. In abokansa na sauraro, amsar kowa "lafiya lau" ce. Manhajar tattara amsoshi ta KoboToolbox na aiki a waya ko babu intanet, yana kuma rage kuskuren kwafe amsoshi.

Wajen lissafi, koyi manhajar SPSS ko ta jamovi da hannunka. Wanda ya ba wani kwangila, ranar kare kundi malamin da aka gayyato daga wata jami'a zai tambaye shi dalilin zaɓar wannan gwaji, ya rasa ta cewa. Akan bukaci ka buga maƙala kafin kare kundi, to ka guji mujallar da ke alƙawarin bugawa cikin mako guda in ka biya, ka duba sunanta a Scopus ko AJOL, rumbunan intanet da ke jera mujallun ilimi.

Shekara uku ne mafi ƙaranci ga ɗalibin cikakken lokaci, yajin aiki da jiran ranar semina kan ƙara. Malaman manyan makarantun gwamnati na iya neman tallafin TETFund, asusun tallafa wa manyan makarantu, ta makarantarsu. Mai zama a Agege ko Ojo da ke karatu a Akoka ya haɗa ganin malami da laburare a rana ɗaya, ya fito da zarar an idar da sallar asuba, kafin hanya ta cushe.