Yadda Ake Kula da Janaretan Soja na Gwanjo da Gyara Shi Idan Ya Ƙi Tashi

Rundunar sojin Amurka takan sayar da tsofaffin janaretocinta a gwanjo, galibi ta hannun kamfanin GovPlanet, mutane su saya su ajiye a gida saboda ranar da za a ɗauke wuta. Waɗanda suka fi shiga hannun jama'a su ne MEP-802A mai kilowat 5 da yayansa MEP-803A mai kilowat 10. Dukansu dizal suke sha, ruwa ke sanyaya su, kuma suna juyawa sau 1,800 a minti, rabin gudun ƙananan janaretocin fetur na Amurka. Shi ya sa suke daɗewa. Sai dai yawancinsu sun shekara da shekaru a ajiye kafin a sayar, kuma zaman nan ya fi aiki yi musu illa.

Kafin komai, karanta farantin ƙarfen da ke jikinsa. Idan ka ga MEP-812A ko MEP-813A, janye hannunka. Kamanninsu ɗaya da na farkon, amma wutarsu mai zagaye 400 a daƙiƙa ce, ta na'urorin soja, ba ta da amfani a gida. Su kansu 802A da 803A wutar Amurka suke bayarwa, zagaye 60. Mai son ya kawo ɗaya Najeriya ko Nijar ko Gana ya sani cewa tamu wutar 50 ce. Kwan fitila da cajar waya ba ruwansu, amma famfon rijiyar burtsatse da duk wani abu mai mota a ciki zai riƙa gudu fiye da ƙa'ida. Kada kuma wani ya ba ka shawarar rage gudun injin don ya sauko 50, domin hanyar ƙona na'urar daidaita wutarsa ke nan. Wanda aka ƙera don ya ba da duka biyun shi ne MEP-804A da wasu daga cikin waɗanda suka fi shi girma.

Mataki na farko: tanki. Zubar da tsohon man gaba ɗaya, ka haska tocila ciki. Dizal idan ya daɗe yakan tara ruwa a ƙasa, a kan ruwan kuma wani baƙin yauƙi ya fito, wanda da ya bi tiyo zai toshe matatar mai cikin mintuna. Wanke tankin, sake matatun mai, ka buɗe 'yar makunnin da ke ƙarƙashin matatar raba ruwa da mai har sai mai zalla ya fito. Daga nan bi siraran tiyon da ke mayar da ragowar mai daga nozul zuwa tanki. Matsa su da yatsa. Idan ka ji sun ƙandare ko ka ga sun tsattsage, sauya su duka, kada ka tsaya faci. Haka robobin da ke toshe ramukan jikin tankin, sukan ruɓe su fara ɗiga. Warin dizal a ƙasan akwatin yawanci daga waɗannan wurare biyu yake fitowa.

Sai juye. Sabon baƙin mai 15W-40 na injin dizal, sabuwar matata, a duba ruwan lagireto da fanbel da matatar iska. Wannan duk makanike ya san shi.

Batir kuwa yana buƙatar natsuwa. Wutar tayar da injin nan bolt 24 ce, wato batir biyu masu 12 da aka haɗa kan ɗaya da wutsiyar ɗaya. A saye su tare, iri ɗaya, girma ɗaya. Idan ɗaya tsoho ne ɗaya sabo, tsohon zai ja sabon ƙasa. Kada ka yi masa jan wuta kai tsaye daga mota mai bolt 12.

Kafin ka tayar, kafa sandar ƙarfe a ƙasa ka ɗaura mata waya daga jikin janaretan. Haɗa shi da gida kuma aikin ƙwararren mai gyaran wuta ne, ta makunnin da ke raba wutar gari da ta janareta, don kada wutarka ta koma kan layi ta kashe ma'aikacin da ke saman falwaya. A gaya wa mai haɗawar cewa bolt 240 na wannan injin tsakanin wayoyi biyu masu rai yake fitowa, kowace da 120, saɓanin tsarinmu na waya ɗaya mai rai. Kuma a waje ake ajiye shi, nesa da taga, saboda hayaƙinsa yana kisa ba tare da an ankara ba.

Yanzu tayarwa, inda mutane da yawa ke zaton sun sayi mataccen kaya. Buɗe ƙofar injin ka nemi ƙaramin makunni mai suna DEAD CRANK, ka tabbatar yana kan NORMAL. Jawo jan maɓallin tsayar da gaggawa waje. Murɗa babban makunni zuwa PRIME & RUN, ka kasa kunne: za ka ji famfon mai yana ƙas-ƙas-ƙas da sauri, sannan ya lafa idan mai ya cika layin. Sai ka murɗa zuwa START ka riƙe. A mota da injin ya kama kake sakin makulli, a nan kuwa ci gaba za ka yi da riƙewa har allurar ƙarfin baƙin mai ta hau, allurar wuta ita ma ta tashi. Sitata yana sakin kansa, ba abin da zai same shi. Riƙewar nan ce ke ɗana wutar farko a cikin kan janaretan, wato ɓangaren da ke samar da wuta, kuma wanda ya yi saurin saki zai ga injin ya mutu nan take, ko kuma yana ruri amma babu wuta. Idan bai kama cikin daƙiƙa 15 ba, saki, bar sitata ya huce. Da ya tashi, daidaita shi a kan zagaye 60, ba shi kamar minti biyar ya ɗumama, sannan ka rufe makunnin da ke tura wuta waje. Kada ka taɓa barin sa yana tafiya a silo, wato ƙasa da cikakken gudunsa.

Idan ka murɗa ka ji shiru ɗif, koma kan makunnin DEAD CRANK da jan maɓallin gaggawa, da abin yanke wuta da ke bayan allon mitoci, da kawunan batir. Idan yana juyawa bai kamawa, galibi mai ne bai isa ba: iska a layi, ko toshewar matata, ko famfon ya mutu. Idan ya tashi ya mutu, dubi fitilun gargaɗi, su za su gaya maka ko ƙarancin baƙin mai ne, ko zafi, ko tanki. Wani lokaci tankin a cike yake amma fitilar na cewa babu mai, to abin auna mai da ke yawo a saman man ne ya maƙale. Akwai makunni mai murfi da aka rubuta BATTLE SHORT, wanda ke hana injin kashe kansa ko da yana cikin haɗari. Don fagen yaƙi aka yi shi. Ina roƙonka kada ka yi amfani da shi don ka samu wutar dare ɗaya, domin injin da baƙin mansa ya ƙare zai ci gaba da gudu har ya lalace ya tsaya.

Gyara guda da nake ganin ya zama dole shi ne sanya fiyus a wayar da ke kai wuta ga na'urar daidaita wuta. Tsofaffin ba su zo da shi ba, kuma idan na'urar ta lalace takan ƙona naɗin wayar da ke cikin kan janaretan, gyara mai tsada. Buɗe allon ka duba ko an riga an sa, in babu a sa kafin ka fara dogara da shi.

Saura cutar da ta fi kama su. Injin dizal da ake kunna wa fitilu da talabijin kawai ba ya yin zafin da zai ƙone mansa sarai. Ragowar sai ta taru a salansa, ka ga wani baƙin abu mai danƙo kamar kwalta yana tsiyaya daga gaɓoɓin bututun, injin kuma ya riƙa shaƙewa da zarar an ɗora masa nauyi. Maganinta aiki ne. Jona masa hita da dutsen guga da rishon lantarki, kana ƙarawa kaɗan-kaɗan har mitar lodi ta kai wajen kashi 80, ka bar shi a haka awa biyu zuwa uku. Da farko zai yi hayaƙi, har tartsatsi ya riƙa fita daga salansa, don haka a kawar da busasshiyar ciyawa da jarkokin mai daga wurin. Hayaƙin zai washe da kansa. Ko da wuta ba ta ɗaukewa, a riƙa tayar da shi duk wata da nauyi na gaske a kansa, idan an gama a sauke nauyin a bar shi minti biyar ya huce kafin a kashe, a kuma cika tankin don kada raɓa ta samu wurin taruwa a ciki.