Matakan Fara Sana'ar Kunun Aya Daga Gida

Kunun aya na cikin sana'o'in da ma'aikaci ko matar aure za su iya yi ba tare da barin aikinsu ba, domin jarin farko bai wuce kuɗin mudu ɗaya na aya da ɗan dabino da kwakwa ba.

Da farko, a tsince busasshiyar aya a fitar da tsakuwa, sannan a jiƙa ta ta kwana. Da safe a wanke ta sosai, a haɗa da dabinon da aka cire wa ƙwallo, da kwakwa, da citta da kanumfari kaɗan, a kai markaɗe. A tace da ƙyalle mai tsabta, a ɗura a sababbin robobi.

Matakin da ya fi muhimmanci shi ne sanyi, saboda kunun aya yana saurin tsami, musamman a zafin Maris zuwa Mayu, lokacin da aka fi nemansa. Wanda ba shi da tabbacin wutar lantarki ya sayi ƙanƙara ya zuba a kula, kuma kada ya haɗa fiye da abin da zai ƙare a ranar.

A fara da maƙwabta da abokan aiki, ana ware uwar kuɗi daban da riba.